Waken Marta a Hannun Hajjo

Zofiya ta shekara goma sha ɗaya a wani bene a unguwar Pantai Dalam, can wata ƙasa a gabas mai nisa, tana koyar da lissafi a wata jami'a a Bukit Jalil. Baturiya ce doguwa, ba miji ba ɗa. In ka tambaye ta garinsu ta ce Barazil, in ka matsa mata ta ce Poland.

Kakanninta manoma ne. Rashin ƙasar noma ya koro su daga ƙauyensu a Poland shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce, suka hau jirgin ruwa zuwa Barazil, suka sare daji da gatari suka kafa gona. Kakarta Marta ba ta fito da komai ba sai wake cikin tafi ɗaya, ta ɗinke shi a bakin siket. Tun daga nan gidan ya kafa doka: ba mai ɗanɗana waken sai an ware iri, kuma mace ke riƙon irin. Da uwar Zofiya ta rasu, wan Zofiyar ya sayar da gonar. Abin da ya rage sai ƙwaya arba'in a kwalba, cikin firij.

Ƙofarta na kallon ta Nuriyya, matar wani ɗalibi ɗan Bichi. Uwar Nuriyya, Hajjo, ta zo wankan jego ta zarce da raino. Hajjo ba Turanci, Zofiya ba Hausa, amma tukwanen barkonon baranda sun haɗa su.

Da Zofiya za ta tafi Barazil a yi mata aikin ƙugu, wata uku, sai ta miƙa wa Hajjo kwalbar da hannu biyu, Nuriyya na fassara.

"Inna, ta ce a firij za ki ajiye. Kada a buɗe."

"To," in ji Hajjo. Ƙofa na rufuwa ta taɓe baki. "Iri a firij? Kifi ne? Shekara hamsin ina ajiye iri, ban taɓa jin wannan shirme ba."

Ita abin da ta sani, a shanya iri ya sha rana, a cakuɗa da toka, a toshe a gwangwani. Har ta roƙo toka wurin mai tsiren bakin titi. Ranar wata Talata ta baza waken a faranti a baranda, suka kai jariri allura.

A Bichi hadari yana sallama. Nan kuwa ina! Suna cikin mota aka ɓalle da ruwa. Kafin su hawo bene, waken ya sha ya ƙoshi, ya kumbura, fatarsa ta yamutse.

Nuriyya ta dafe kai. "Inna, kin kashe mu! Abin da ya tsallake teku biyu, a barandarmu zai mutu?"

"Rufe min baki. Kawo bokitai."

Baki ne kawai Hajjo ke yi. Ta san irin da ya jiƙe ba ya komawa kwalba, ko ƙasa ko ruɓewa. Ta huda bokitin fenti, ta yanka buhun shinkafa, ta shuka duka arba'in ɗin. Goma sha huɗu suka tsiro. Zafi da laima suka bi su ɗaya bayan ɗaya, yau wannan ya langaɓe, gobe wancan ya yi fumfuna. Hajjo ta daina cin abincin kirki. In rana ta take ta ja bokitai inuwa, in sama ta yi duhu ta ja su ciki, har bayanta ya riƙe. Uku suka rage. Suka yi fure, furen ya riƙa zubewa, tana tsincewa tana salati.

Ran da Zofiya ta dawo tana dogara sanda, Hajjo ba ta jira fassara ba. Ta ɗora mata kwalbar wayam a hannu, ta ja ta baranda. Kwanso ɗaya tak ya kama, ya fara bushewa a jikin igiyar shanya.

Fuskar Zofiya ta yi ja, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa. Hajjo ta sunkuyar da kai, abin da ko mijinta bai taɓa gani ba.

"Me ta ce?" ta tambayi Nuriyya.

"Ta ce shekara shida ba ta shuka ba, tsoro take kada ya mutu a hannunta. Amma Inna, ta ce da kin bar shi a firij."

"Faɗa mata ta yi gaskiya. Sau ɗaya za ki faɗa."

Bayan mako suka ɓare kwanson a kan farin ƙyalle. Ƙwaya biyar, ɗaya ta motse. Zofiya ta zuba huɗun a kwalba ta rufe gam, ta rungume ta tafi. Ta kai ƙofa ta dawo, ta buɗe, ta ajiye ɗaya a tafin Hajjo. Hajjo ta ƙulle ta a bakin zane, ta leƙa sama. Hadari ya sake haɗuwa.