Soson Batulu a Igiyar Eriya

Duk wanda ya san layin bayan kasuwa a Gwarinpa ya san gidan Malam Datti, ko bai san mai gidan ba. Dogon ƙarfe ne a tsakar gidan, ya wuce rufi nesa, da eriya a kansa, igiyoyi uku sun riƙe shi ta kusurwa uku don kada iska ta kayar. Malam Datti mutumin Malumfashi ne, shekara talatin da ɗaya yana gyaran na'urorin sadarwa a wata ma'aikatar tarayya. Da ya yi ritaya an zaci zai koma gida ya kama noma. Ina! Sai ya nemi lasisi, ya mai da ɗakin ajiya ɗakin rediyo, irin rediyon da ake magana a ji ka har ƙetaren teku. Bayan la'asar zai zauna yana murɗe-murɗe har ya kamo wani tsoho irinsa a Birazil, su tambayi juna yanayin gari, su yi sallama. In aka ce masa ga waya a aljihu, wahalar nan ta mece ce, murmushi kawai yake yi.

Matarsa Batulu ba ta shiga ɗakin nan sai da kofin shayi, amma igiyoyin kam ta mai da su nata. Kowace damina sai ta binne 'ya'yan soso a gindin kowane turke, su tsiro, su bi igiya suna nannaɗe ta har kusan rabi. Da rani yaɗon ya bushe a wurin, ta tsinki soson wanke-wanke ta raba wa maƙwabta.

"Batulu, kayan aiki ne fa, ba shingen lambu ba."

"To injiniya, ka hana shi hawa mana," in ji ta.

Shekara tara suna wannan faɗa, bai ci ko sau ɗaya ba.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan addu'ar arba'in baƙi suka watse, 'ya'ya kowa ya koma garinsa, gida ya yi masa faɗi. Ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya ɗauko tsani da wuƙa ya kankare busasshen yaɗon daga igiya biyu, tas. Ta ukun, ta bayan kicin, gwiwa ta hana shi, ya ce sai gobe.

Ba a yi mako ba igiyoyi suka fara kugi. Ba ma sai an yi guguwa ba, iska 'yar kaɗan in ta ɗore sai ka ji wuuu, kamar ƙudan zuma a tulu. Ɗaya kuwa turkenta a jikin katangar maƙwabciyarsa Juliet yake. Nas ce, aikin dare take yi, da rana take samun barci, kuma gadonta na jikin katangar. Ta yi haƙuri wata guda, sannan maganar ta kai ga kwamitin unguwa. Suka ba shi mako biyu: ko kugin ya tsaya, ko a sauke ƙarfen.

Hankalin Malam Datti ya tashi ƙwarai, don yanzu muryoyin rediyon nan ne kaɗai ke shigowa gidan. Ya ƙara ɗaure igiya, kugin ya koma siriri mai shiga haƙori. Ya sassauta, ƙarfe ya kama rangaji. Mutumin da ya gyara wa gwamnati na'urori, ga igiya ta gagare shi!

Saura kwana uku Juliet ta leƙo ta kan katanga, idanunta jawur.

"Baba, ka yi haƙuri, ba na so su cire. Amma shekara shida ina nan, lokacin Mama igiyan nan bai taɓa kuka ba."

Maganar ta soke shi. Da ta tafi ya dafa igiyar farko, ya ji tana karkarwa a tafinsa. Ta biyu ma haka. Ya zagaya bayan kicin ya dafa ta ukun, wadda busasshen soso ke nannaɗe da ita har yanzu. Shiru, ko motsi babu. A matsayinsa na ma'aikaci ya gane nan take: yaɗon ne ke wargaza iskar, ya kuma shanye karkarwar tun ba ta zama kugi ba. Ashe abin da ya yi shekara tara yana faɗa a kai shi ke zaunar da shi lafiya da maƙwabta.

Soso ba ya girma a kwana uku. Ya je wurin Ishaya mai faci ya karɓo tsohuwar robar taya, ya yanka ta dogo-dogo, ya hau tsani da gwiwar nan tasa. Yana nannaɗewa yana waiwayar igiyar bayan kicin, don ya kwaikwayi tazarar da yaɗon ya bari. Iska ta taso da azahar, ba a ji komai ba. Juliet ta yi barci har la'asar, kwamiti ya janye magana.

A ranar bai kunna rediyo ba. Kicin ya shiga, ya yi ta buɗe gwangwanaye har ya sami wanda Batulu take ajiye 'ya'yan soso a ciki. Ya durƙusa gindin turken farko ya tona da yatsa ya binne su, hawaye na zuba, bai damu ya share ba.

"To Batulu," ya ce, "ya hau. Na daina hana shi."