Abin da Tela Ya Gani a Likkafanin Gaza

Shekara talatin da wani abu ke nan ina ɗinki a Dutsen Kura, kuma duk wanda ya rasu a layinmu a shagona ake yanka masa likkafani. Ba a kawo mini gawa in auna. Shekaru kawai ake faɗa mini, in ja farin yadi in sa almakashi. Babba yadi biyar, yaro abin da ya sawwaƙa, jariri kuwa ko yadi ɗaya ba ya cinyewa. Har idona ya saba, in na hango gawa a naɗe zan gaya maka shekarun mai ita, kuma da wuya in kuskure.

Da yaƙin Gaza ya ɓarke, hotuna suka cika wayoyinmu. Jama'a na kallon benayen da suka ruguje, ni kuwa fararen ƙunshin nan da ake jerawa a ƙasa nake kallo. Wannan bai wuce shekara huɗu ba. Wannan ko yaye shi ba a yi ba. Kuma su ne suka fi yawa a duk layin da na gani. Abin ya tsaya mini a rai.

A bencin ƙofar shagona akwai gurbin da kowa ya san mai shi. Tsohon rajistaran kotu ne, ɗan Gbagyi daga Maikunkele, Kirista, kuma Rajistara duk unguwa ke ce masa. Tun yana aiki yake yada zango a wajena, da ya yi ritaya sai ya tare gaba ɗaya. Ya ci naman Sallata, ni na ɗinka wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti har suka yi aure. Aibinsa ɗaya ne. Ko cewa ka yi hadari ya haɗo, sai ya tambaye ka wane ne shaidarka.

Wata Talata na yanka likkafanin jaririn maƙwabcinmu da safe, ragowar yadin ma na kan tebur, sai ga Rajistara. Na miƙa masa wayata na ce ya duba, in wannan ba kisan ƙare dangi ba ne ya faɗa mini sunansa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau. "Tela, kisa dai an yi, mugun kisa ma. Amma wannan kalma yana da sharaɗi. Sai an nuna cewa niyyar ita ce a shafe mutanen, don kawai su su ne. Masu jefa bom ɗin sun ce masu bindiga suke nema, waɗanda suka shiga suka kashe musu mutane, suka kwashe wasu. Magana yana gaban kotu. Ka bari kotu ya gama."

Na ce, "Waɗanda aka kashe musu ma rayuka ne, ban musa ba. Amma mai bindiga nawa ka taɓa gani da yadi ɗaya ya ishe shi? Wanda ya tare ruwa da abinci daga shiga gari ya san wa zai fara mutuwa. Ku ma a kotunku ba tsaga ƙirji kuke yi ku ga niyya ba, daga aiki kuke gane ta."

"Gaskiya ne," in ji shi. "Amma alƙali ke ganewa, ba tela ba."

Wannan maganar ce ta ƙona ni. Na ce to ya tashi daga bencin tela ya je ya zauna a na alƙali. Ya tashi kuwa, ya kaɗe wandonsa ya tafi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Washegari a teburin mai shayi raina na tafasa, na kwashe labarin na ba majalisa. Abin da ya ɓata mini rai kawai na faɗa, na haɗiye inda ya ce mugun kisa ne. Kafin kwana uku labarin ya yi ƙafa. Wai Rajistara ya ce yaran sun cancanci mutuwa. Wai biyansa ake yi daga waje. Masu gaishe shi suka fara kau da kai, aka bar matarsa tsaye wajen mai niƙa har kowa ya gama. Ranar Asabar aka wayi gari an rubuta masa zagi da gawayi a jikin get. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san daga irin wannan ake farawa, ya kuma san inda ake ƙarewa. Na ji tsoro, na kuma ji kunya.

Da hantsi na rufe shago na tafi gidansa. Na same shi a tsakar gida, shi da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita.

"Ka zo janye maganarka?" ya tambaye ni.

"Ta Gaza? Ko kusa. Kisan ƙare dangi ne, ko a gaban wa zan faɗa. Wadda na yi a kanka na zo janyewa."

Ya ce, "Ka ga abin da ya sa nake naci a kan niyya? Kwana uku unguwa ya yanke hukunci a kan abin da ke zuciyana. Shaida guda ɗaya, kuma abokina ne."

Gaskiyarsa ce a kaina. Amma ban yarda ta wanke masu jefa bom a kan tantuna ba, na kuwa faɗa masa haka. Shi magana ɗaya ya yi aka murɗe ta. Su watanni suka kwashe suna yi, duniya na kallo.

Na ce ya sa takalmi. Na riƙe hannunsa muka bi ta tsakiyar layi har teburin mai shayi, majalisa cike. Na gaya musu abin da na ɓoye ranar Laraba, kalma bayan kalma. Na ce ra'ayina a kan Gaza na nan daram, kuma duk wanda ke jin zafin yaran can amma hannunsa na ƙaiƙayin tsohon nan, ƙarya yake yi, ba yaran ne suka dame shi ba. Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa ɗinki ya ce tunda na zama lauyan arna, a ba shi shaddarsa da ya kawo ɗinki. Na aika aka ɗauko, na miƙa masa a ledarta, na ce ya gyara bakinsa.

Daga nan na ari bokiti da soso wajen mai shayi na koma get ɗin Rajistara. Ya biyo ni yana cewa in bari jikokinsa za su goge, kuma in sani har yanzu kotu bai gama ba. Na ce na ji, ni dai ban canja ba, ya matsa kada ruwa ya taɓa shi. Mutane na tsaye suna kallo, na durƙusa na wanke shi tas. Rubutun ba hannuna ba ne, amma daga bakina ya fito.