Shekara Bakwai da Rasuwar Yaya Sada, Mai Tsaron Injin Ruwa

Da watan nan yayana Malam Sada ya cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya jiƙan shi. Sati uku ke nan famfo bai kawo ruwa a unguwarmu a Kankiya ba, kuma abin da na gano a inda ruwan ke fitowa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tsaron injin da ke turo mana ruwa. Iliminsa na boko bai wuce firamare ba, amma ya san injin nan kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa. Kowace safiya sai ya ɗora bayan hannunsa a kan gidan boris, inda sandar injin ke juyawa, ya yi ƙirge. In hannun ya kasa jurewa, to zafi ya soma wuce ƙa'ida, sai ya duba ma'auni. Ya sha faɗa mani cewa in allurar ta doshi digiri tamanin, babu sauran shawara: a kashe, a duba giris, a nemo dalili. Abu biyu ne ba ya yafewa, tada inji babu ruwa a cikinsa, da barinsa yana juyi alhali bawul ɗin fita a rufe. Ya ce ruwan da ke ciki fanka za ta yi ta kaɗawa har ya tafasa, sil ɗin da ke hana yoyo ya ƙone, wani lokaci ma ƙarfen ya tsage.

Akwai wata bazara da ruwa ya ja baya ƙwarai, inji ya soma ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, Yaya ya kashe shi. Ranar kuwa ana jiran manyan baƙi, sai shugabansa na lokacin ya zo da kansa ya ce a tada. Ina wurin, na kai masa saƙo daga gida. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, iska yake sha ba ruwa ba. Ga makulli, in za ka tada ka tada, ni dai ba da hannuna ba." Mutumin bai tada ba, amma ya huce a kansa: aka tura Yaya wajen Kusada ya yi wata takwas yana gadin rijiyar burtsatse. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Bayan rasuwarsa aka cire tsohon injin, aka ce ya tsufa, aka kafa sabo da biki da jawabai. Sabon har da na'urar da ke kashe shi da kanta in zafi ya yi yawa. Satin da ya wuce na je na gani da idona. Tun daga ƙofa ƙaurin ƙonannen koyil ya tare ni. A kan injin akwai buhunan algarara da aka riƙa jiƙawa ana lulluɓa masa, sun toshe ramukan da iska ke shiga. Giris ya narke ya bi ƙasa. Isiya, wanda ke riƙe da wurin yanzu, magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ya kasa haɗa ido da ni.

Na ce, "Isiya, na'urar fa?"

Ya ce, "Malam, kullum kashewa take. Na faɗi ma oga boris ne ya ci, ya ce shi ruwa yake so ba surutu ba. Shi ya kawo mai wayarin aka tsallake ta."

Wato inji yana kukan zazzaɓi, maganin da aka ga ya dace shi ne a toshe masa baki. Abin da ya fi tada mani zuciya kuwa, ƙonannen injin an shafe shi da sabon shuɗin fenti, don an ji masu duba aiki na tafe. Kyan ɗan maciji. Kuma Isiya ne aka ba takardar tuhuma. An bar jaki ana dukan taiki.

Me Yaya zai ce da ya ga wannan? Ba na jin zai yi dogon magana. Tofar da yawu zai yi ya nemi sifana. Shi a wajensa gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Mu kuwa ga mu nan, tsofaffi na bin 'yan garuwa, matan aure na wanke jarirai da ruwan kududdufi, masu shanu daga Kaikai na isowa kwamin da aka saba shayar da su, su tarar da shi a bushe.

Babu allon da ke ɗauke da sunan Yaya, bai kuma bar gida na a zo a gani ba. Amma na bi sawun tsohon injinsa. A gwanjon tsofaffin ƙarafa wani manomin rani daga Fakuwa ya saye shi. Na same shi a bakin fadama, an yi masa rumfar kara, yana shayar da albasa. Manomin ya ce da suka buɗe cikinsa ko boris ba su canja ba, ya tambaye ni ko na san wanda ya riƙe shi. Na ce masa yayana ne, ya rasu. Ya ɗaga hannu, muka yi masa Fatiha.