Asibi da Kazar Mai Ɗori

Ranar jana'izar Asibi, fasto ya ce mace ce mai haƙuri. Wane haƙuri? Katanga ɗaya ta raba mu a layin 'yan reluwe a Kafanchan, kuma ban yarda a binne ta da wannan shaida ba.

Kunun acca take sayarwa a tashar jirgi. A 1974 'yarta Mildred, da shigarta sakandare, ta fara kuka da ƙafar hagu. Tafin ya baje, idon sawu ya ƙi juyawa, in ta taka gargada sai hawaye. Uban, Silvanus, ya ce targaɗe ne, ya kai ta wurin Baba Kumai mai ɗori.

Baba Kumai kan karya ƙafar kaza ya ɗaure, sannan ya ɗaure ta majinyaci. Ran da kaza ta taka, mutum ya warke. To, kaza ta taka, har da tonon bola. Mildred na nan tana ɗingishi. Sai dangin miji suka yanke hukunci: tunda kaza ta warke, ƙyuya ce kawai ke damun yarinya. Silvanus ya ce in ba za ta iya takawa zuwa makaranta ba, ta zauna gida ta dama kunu.

"Baban Mildred, kaza na haifa maka?" in ji Asibi.

"Ke dai kai ta asibiti su guntule ƙafar, ki huta!"

"In sun guntule, ni zan goye ta zuwa aji. Amma makaranta ba fashi."

Ta rufe tukunya, ta saka yarinya a jirgin Jos, ba ta nemi izinin kowa ba. A can aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya nuna mata ƙasusuwa biyu a bayan ƙafa waɗanda ya kamata kowanne ya yi motsinsa, amma tun haihuwa a manne suke, da yarinya ta girma sai mahaɗin ya ƙandare. Babu abin da ya karye, balle a ɗora. Aka yi tiyata, aka sare mahaɗin, aka cusa tsoka a tsakani don kada su sake haɗewa, aka sa filasta.

Da suka dawo, dangi suka yi ta zuwa dubiya, idanunsu na ƙirga yatsu. Asibi ta ɗage zanen da ya rufe ƙafar, ta ce wa uwar mijinta, "Ku duba da kyau, Mama, kada ku je ku ƙara gishiri."

Ƙafar ba ta zama sabuwa ba, har yau tafin a baje yake. Amma ran da Mildred ta taka zuwa makaranta ba sanda, Asibi ta yanka kazar nan, ta dafa ta da citta da barkono, ta tsame ƙafar da aka ɗora ta ajiye a kwanon Silvanus.

Ta ce, "Ga majinyaciyarka. Tawa ta tafi aji."