Yatsun da Siminti Ya Cinye

Yayana magini ne. A wurin aiki Igiya ake ce masa, domin ba ya ɗora bulo sai ya ja igiya, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. In layi ya karkace ko da faɗin farce ne, ƙafa yake sa wa ya ture, ya ce a sake. Leburori sun sha zaginsa a ɓoye, amma in za su yi wa uwarsu ɗaki, shi suke nema. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a. Bai yi boko ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, sai taurin kai da Allah ya zuba masa, wanda ni ƙanwarsa na fi kowa shan wahalarsa. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi, kuma a nan yake zuwa ya zauna min a kan kujerar masu jira da wandonsa mai ƙura.

Shekara huɗu da suka wuce aka ɗauke shi ginin wani ɗakin haihuwa na gwamnati. Ɗan kwangilar ya ce buhun siminti ɗaya a fitar masa da bulo sittin, rodi kuma aka kawo sirara kamar na shanya. Yaya ya ɗauki bulo ɗaya ya murje shi da hannu, ya zuba garin a leda, ya nufi hukumar yaƙi da cin hanci. Wani jami'i ya saurare shi tsaf, ya zo ya duba ginin, har hotuna ya ɗauka. Ba a yi mako uku ba aka tura jami'in can wani lungu, aka sauke shugaban hukumar da ya ba da izinin binciken, fayil ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Ginin yana nan har yau, ya tsage daga sama har ƙasa, ba a taɓa haihuwar ko ɗa ɗaya a ciki ba.

To, bara sai ga wata ƙungiya ta fito tana neman sabuwar doka: kada masu mulki su riƙa naɗa shugaban hukumar ko tsige shi yadda suka ga dama, kuma a kare duk wanda ya kai ƙara. Majalisa ta ce ba za ta ko kalli maganar ba sai an kawo sa hannun mutum dubu hamsin. Wata lauya daga ƙungiyar ce ke kawo min takardun ina yi musu kwafi. Ran nan Yaya na zaune, ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Maimaita min wurin tsigewar nan," in ji shi.

Na maimaita. Sai ya kwashi takardu hamsin, ya haɗa da kwalbar tawadata da soson dangwale, ko tambayata bai yi ba.

Wata biyu Yaya yana yawo. Da an tashi aiki da yamma sai ya hau kekensa ya bi wuraren gini ɗaya bayan ɗaya, ya tare magina da masu kwaɓi da masu buga bulo da matan da ke fasa tsakuwa, kafin su watse. Yawancinsu irinsa ne, ba sa rubutu. Wani mai ɗan karatu ya rubuta suna, mai sunan ya dangwala babban yatsa. Mutum ɗari shida da goma sha biyu ya tara shi kaɗai. Ranar da ya kawo takardun ya dire su a tebur ɗina yana wani hura hanci, sai ka ce shi ya rubuta dokar.

Ranar Litinin, Yaya na zaune, lauyar ta shigo shagon fuskarta ba annuri. Ta ajiye takardun Yaya, kowane shafi an ja masa jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Baba," ta ce, "akawun majalisa ya ƙi karɓar naka. Ya ce babu zanen yatsa ko ɗaya a ciki, wai mutum ɗaya ne ya zauna ya yi ta dangwalawa. In aka cire su, mun gaza da ɗari huɗu, kuma ranar Alhamis ƙarfe huɗu ake rufewa."

Na ɗauki shafi ɗaya na kai kusa da fitila. Wallahi gaskiyar akawu ce, duk dunƙulen baƙi ne, sumul, ba layi ko ɗaya. Kunya ta rufe ni. Ba zan ɓoye ba, har zuciyata ta raya min ko Yaya ya gaji ne ya yi ha'inci, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Lauyar ce ta ce, "Baba, mu ga hannunka." Ya miƙa. Babban yatsan nan ya goge tas, yana sheƙi kamar guntun sabulu. Siminti ya cinye zanen. Haka na duk mai taɓa kwaɓi ko fasa tsakuwa yake, shi kuma gwanin nawa bai tashi bin su ba sai da yamma, lokacin da suka wuni hannu cikin siminti.

"Kai Yaya!" na ce. "Shekara talatin kana kallon hannun nan, ba ka taɓa lura ba?"

"Ke kin taɓa lura ne, mai ido?"

Nan take lauyar ta buga wa wani likita waya, ya ce in mutum ya huta mako uku yana shafa mai, zanen kan dawo. Yaya ya yi wata irin dariya.

"Mako uku? 'Yata, wa zai ajiye hannu mako uku? Iyalinsa su ci iska? Tunda akawun bai yarda da takarda ba, za mu kai masa yatsun ya gani."

Na ce masa Alhamis fa ranar zuba kankaren rufin bene ce a wurin aikinsu, shi ya gaya min da bakinsa, kuma kankare in an fara zuba shi ba a tsayawa. Ya ce ya sani. Ɗan kwangilar da yake wa aiki yanzu ya aiko masa cewa in ya janye masa mutane ranar, kada ya ƙara tako masa wuri. Yaya ya ce a gaishe shi, ya je ya kwaso cokalinsa na gini da igiyarsa tun ranar Laraba. Kwana biyu yana bin wuraren gini har muryarsa ta dishe.

Ranar Alhamis na rufe shago na bi shi ƙofar majalisa. Ƙarfe tara, mutum arba'in ne kacal. Na ce a raina shi ke nan, ya rasa aiki a banza. Shi kuwa yana tsaye hannu a baya, ko kallona bai yi ba. Wajen goma sai ga tifa ta farko ta tsaya, mutane suna dirowa da takalman roba. Sai ta biyu. Matan tsakuwa suka zo a ƙafa, wasu da goyo. Masu gadi suka ce a watse. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya tafi, layi kawai suka ja a jikin katanga har ya sha kwana. Lauyar ta bi ta ƙirga, ɗari huɗu da hamsin da bakwai. Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar sai da na juya baya.

Sai bayan sha biyu akawun ya fito, wani dogo mai tabarau, ya sa aka kawo masa tebur bakin ƙofar shiga. Ya jingina da bango ya ce, "Wane ne jagoran?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Malam, ka san hukuncin kawo wa majalisa takardar bogi?"

"Ban sani ba. Ga yatsana dai, ka gwada."

Akawun ya kama hannunsa da kansa, ya danna a tawada, ya danna a farar takarda. Ya ɗaga ya duba. Ya goge yatsan da hankici ya sake. Dunƙulen baƙi, sak irin wanda ya soke.

"Babu komai a jiki," ya ce. "Ina zanen naka ya tafi?"

"Yana jikin bangon nan da ka jingina, yallaɓai. Ni na yi shafensa, shekara goma sha tara ke nan. Na wancan dattijon yana matakalar da ka sauko. In majalisa ba ta san mu ba, ta fito daga ginin mu gani."

Akawun ya janye bayansa daga bangon, ya juya ya dube shi, sannan ya dubi layin har inda idonsa ya tsaya. Ya zauna. Ya jawo shafin farko, ya nemi sunan Yaya a ƙarƙashin jan biron, ya rubuta "an tantance" a gefensa, ya sa hannu. Ya ce wa mai gadi ya je ya ƙaro tawada.

"Na gaba," in ji shi.