Rigar Mai Goge

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Tambuwal, abin alfaharina a duniya rikoda ce da kaset ɗaya. Wani Bature da ya koyar da mu a kwaleji ne ya bar mini kaset ɗin da zai koma gida. Kiɗan goge ne irin nasu, ba waƙa ba ganga, na wani shahararren Bajamushe. Goge ɗaya zai ɗauko zance, kafin ya dire na biyu ya ɗauko wannan zancen dai da murya mai kauri, na uku ya biyo su, kowa na tafiyarsa, ba mai taka ƙafar wani. Abokan aikina suka ce barci yake sa su. Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kakana kuwa yana Kebbe. An haife shi tun kafin Nasara su ci Sakkwato. Ido ya tafi, amma kunne garau, wuni yake a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Wata Juma'a na ɗaura rikodar a bayan babur, na sha gargada, na je na kunna masa don tsokana kawai, irin ta jika da kaka. Na zaci zai ce in kashe masa kiɗan aljanu. Sai ya ajiye igiyar. Bai motsa ba har kaset ya ƙare, sannan ya ce a sake.

Da aka gama ya tambaye ni kiɗan su wa ne, na manoma ko na maƙera ko na wani basarake. Na ce ba na kowa ba ne. Bai yarda ba. Shi dai a kunnensa 'yan gayya ne, wannan ya duƙa wancan ya bi shi, har a kai ƙarshen gona tare. Daga nan ya sa gwaggona, 'yarsa da ke kula da shi, ta ɗauko rigarsa ta saƙi, wadda ba ya sawa sai da Sallah.

"Kai ma mai gogen ga," ya ce. "Ka ce mashi wani tsoho nan Kebbe ya ji, ya gode."

Na yi dariya har da buga cinya. Na shaida masa wanda ya tsara kiɗan ya mutu tun kafin jihadi, tun ba a kafa Sakkwato ba. Ya tambayi inda 'ya'yan mamacin suke, ya tambayi inda waɗanda suka goga a kaset ɗin suke. Ni da ɗokin nuna ilimi na rufe masa kowace ƙofa, na ce ban san su ba, ba kuma hanyar da riga za ta kai gare su.

A zamaninsu, in kiɗa ya ratsa mutum sai ya yi kyauta, ko da hular kansa ce; wanda ya ji daɗi ya tashi hannu rabbana, shi ne marowaci.

"To aje abinka," ya ce. "Ban taɓa cin gumin makaɗi banza ba, ba ni farawa da tsufa."

Bai sake saurara ba. Duk zuwana sai ya tambaya ko mai goge yana lafiya, in ce in kunna, ya girgiza kai. Amma na sha jin sa yana gunjin wannan zancen na farko a maƙoshi, yana tufka. Abin yana ci mini rai har yau. Da na karɓi rigar na ce za ta isa, da tsohon ya ji kiɗansa iya son ransa.

Da ya rasu, ana haɗa kayan gado, gwaggo ta ware rigar gefe ta miƙo mini. Ta ce ya bar wasiyya kada a sa ta cikin rabo, don ba tasa ba ce, ta mai goge ce.