Tukwanen da Baba ya farfasa

Jiya tukunyata ta tsage a kan wuta, sai na tuna Baba, mai zubin tukwanen alminiyam a Bangi. Kafin ya sayar, yakan karya guntun zubin ya duba cikinsa. In ƙwayar ƙarfen ta yi laushi kamar gari, ya yarda da aikin.

Shekarar yunwa, tarkacen da ya narka duk gauraye suke da baƙin ƙarfe. Ya karya, ya miƙo mini. Ƙwayar manya-manya, tana ƙyalli kamar gishiri.

Na ce, "Baba, babu hatsi gidanga. A kai tukwanen kasuwa."

Ya ce, "Ɗiyata, in tukunya ta fashe wa wata mata da kununta na ƙarshe fa?"

Ya farfasa su duka. Bai ga girbin shekarar ba.

Allah Ya ƙosar da shi a Aljanna.